Me ya kai masu noman inabi kan dutse alhali ga fadama a ƙasa?

Dan_Fadama_Kura
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. An turo mini bidiyon wani kwari a ƙasar Fotugal, ana ce masa Douro. Kogi a ƙasa, duwatsu dama da hagu, kuma tun daga bakin ruwa har ƙololuwa an sassare dutsen hawa-hawa, kowane hawa da katangarsa, an jera inabi. Sai ga mutane suna hawa da sauka da kwanduna a gadon baya. An ce giyar inabin da ƙasar ta fi suna da ita daga nan take fitowa. Ni ba giyar ce a gabana ba, noman ne. Mu nan wanda ya samu fadama ya gama samu, fako da marmara kuwa ko kyauta aka ba ka sai ka yi shawara. To su me ya kai su kan dutse? Rashin fili ne ko akwai wani sirri? In kuma sirri ne, me ya hana mutanen Jos da Mambila su kwaikwaya?

Sarkin_Zolaya
Bature ne fa. In abu bai ba shi wuya ba, ba ya sa masa kuɗi.

Abu_Hanan_Regua
Wa alaikumus salam. Malam Dan Fadama, faɗuwa ta zo daidai da zama, domin a yankin nake zaune, kusa da garin Peso da Régua, kuma yankan inabin bana da ni aka yi shi.

Abin da ka gani ka ɗauka ƙasa ce, yawancinsa dutse ne, wani iri mai ɓarewa falle-falle. Mutanen da da guduma da ƙarfen haƙa suka farfasa shi. Manyan suka gina katanga da su ba siminti, ɓarɓashin ya zama wurin shuka. Yanzu katafila ke wannan aikin. Fallayen dutsen a tsaye suke, saboda haka saiwar inabi tana bin tsaga ta nutsa can ƙasa har ta tarar da danshin da ruwan lokacin sanyi ya bari. Shi ya sa a Yuli da Agusta da wuya ka ga ruwan sama, zafi ya haura digiri 40, ciyawa duk ta ƙone, amma inabin yana nan kore shar. Akwai tsaunin Marão ta yamma, shi ke tare hadarin da ke tasowa daga teku. Mutanen nan suna cewa shekararsu wata tara sanyi ne, wata uku wuta.

Na tambayi tsohon da muke yi wa aiki irin tambayarka. Ya ce inabi kamar yaro yake, in ka cika shi da gata sai ya sangarce. Ka ba shi taki da ruwa ya yi ta ganye da rassa, 'ya'yan su yi ɓul-ɓul cike da ruwa, lami. In ya sha wuya sai ya yi 'ya'ya kaɗan, ƙanana, masu kaurin fata, zaƙi har ya manne maka yatsu. Su kuma masu giya fatar suke bi, don launi da ƙamshi a cikinta suke.

Bala_Sakkwato
40 ce wuta? Allah Sarki. A turo mana su a watan Afrilu.

Hadiza_Agric_Jamus
Yaya Abu Hanan ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara, don ba duk masu hawa dutse ne dalilinsu ɗaya ba. Ina karatu kusa da Trier a Jamus, a kan kogin Mosel, kuma su nan matsalarsu kishiyar ta Douro ce: rana ce ba ta isa. Suna can arewa, rana ba ta tsayawa tsakar ka, a karkace take zuwa. In ka shuka a shimfiɗaɗɗen fili haskenta gogar ƙasa kawai yake yi. In ka shuka a gangaren da ke fuskantar kudu sai ta daki ganyen kai tsaye. Ga baƙin dutsen da ke ƙasa yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, ga ruwan kogin yana maido haske. Akwai wani gangare a Bremm da ake kira Calmont, tsayuwarsa ta kai digiri 65 a wasu wurare. Na je na gani, jiri ya ɗebe ni. Wani ɗan jirgi suke da shi mai tafiya a kan dogo ɗaya, shi ke hawa da mutum da kaya.

Sauran dalilan: ruwa ba ya kwanciya a gangare, kuma saiwar inabi ba ta son jiƙa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare takan gangara ta taru a gindin kwari, a nan take ƙone sabon toho, na sama kuwa ya tsira. Sannan duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. A ƙasa mai zafi wannan ne ribar, rana ta sa zaƙi, sanyin dare ya hana tsamin 'ya'yan gudu. Shi ya sa a Ajantina ake noma shi a gindin tsaunukan Andes, a Salta har akwai gonar da ta haura mita 3,000.

Alh_Mai_Inabi_Hunkuyi
To ni dai ina karantawa ina dariya. Ku daina sa wa mutane a rai cewa inabi sai dutse. Mu nan ƙasar Kudan ina dutsen yake? Fili ne shimfiɗe, ga inabi muna yi, motoci na zuwa ɗauka daga Kano da Abuja. Rumfa muke kafa masa da turaku da waya, ya hau ya baje, curin ya riƙa lilo ta ƙasa kana tafiya a inuwa. Muna ba shi takin kaji da na shanu son ransa, muna ba shi ruwa. In damina ta zo ƙarshe mu yi masa aski, ya yi sabon toho da fure cikin hunturu, mu yanka da rani. In na bar nawa ya sha wuya kamar yadda ɗan'uwanmu na Fotugal ya ce, wa zai saya? Dillali a 'Yan Lemo ido yake fara sayen kaya da shi. In ya ga 'ya'ya ƙanana sai ya ce gonarka ba ta da lafiya.

Hadiza_Agric_Jamus
Ranka ya daɗe Alhaji, ai ba ku saɓa da juna ba. Kai na ci kake nomawa, su na matsewa. Iri ma daban ne. Naka ana son ya yi girma, fata sirirriya, ya yi garas a baki. Nasu da za a kawo maka curi ɗaya za ka ce an cuce ka, ƙanana ne, cike da ƙwallaye, amma sukarinsa yakan kai kashi 22 zuwa 25 cikin ɗari, abin da na ci ba ya kaiwa.

Alh_Mai_Inabi_Hunkuyi
To 'yata, haka ya kamata a faɗa tun farko. Kar gobe wani ya sayar da fadamarsa ya je ya sayi dutse.

Yakubu_Bukuru
Tunda an ambaci Jos bari in sa baki. Tudunmu ya haura mita 1,200, sanyi kuwa ba sai an faɗa ba. Dankalin Turawa da sitiroberi da kabeji suna yi. Ni ma da wannan tunanin na samo sandunan inabi na dasa a bayan gida. Da rani ya yi kyau, har maƙwabta suna leƙowa. Da aka shiga Agusta sai ganyen ya fara tabo rawaya ta sama, ka juya ƙasansa ka ga fari kamar an barbaɗa gari. Ban farga ba ya zube, 'ya'yan da suka fara fitowa suka yi baƙi suka motse. Shekarar da ta biyo ma haka.

Alh_Mai_Inabi_Hunkuyi
Funfuna ce. Ita ce babbar abokiyar gabarmu. Malam Yakubu ka bar shi ya yi 'ya'ya da damina, nan aka samu matsala. Da damina ba 'ya'ya ake nema ba, raya itacen kawai ake yi da feshi. Bayan ita sai tsuntsaye da jemagu, sai gara a gindi.

Hadiza_Agric_Jamus
Wannan ita ce amsar tambayar Malam Dan Fadama ta biyu. A Douro ruwa yana sauka lokacin sanyi, sa'ad da itacen ya zubar da ganye yana barci. Lokacin nuna kuwa sama a bushe take. Mu kuma ruwa da ɗumi tare suke zuwa, kuma babu sanyin da zai sa itacen barci. Jos tana shan ruwa daga Afrilu har Oktoba, Mambila ta fi ta, shi ya sa ganyen shayi ya karɓi can. Abin da su Alhaji ke yi shi ne juya kalandar itacen da almakashi, kuma haka manoman Nashik a Indiya suke yi, aski biyu a shekara, amfani ɗaya da rani.

Dan_Agadas_227
Salamu alaikum. Ku kun tsallake teku alhali abin na nan kusa. Ku zo duwatsun Azbin ku gani. A Timiya, arewa da Agadas, cikin kwazazzabo tsakanin baƙaƙen duwatsu, akwai garake na lemu da rumman da dabino, da inabi kuma. Raƙumi ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi ƙorama ya shiga fangali, ko da yake yanzu inji ya yawaita. Ruwan sama kaɗan ne, dare da sanyi, to wannan funfunar da kuke faɗi ba ta samun wurin zama sosai. Wahalarmu hanya ce. Lemu yana jure tafiyar mota bisa duwatsu, inabi kuwa kafin ya iso kasuwa rabi ya zama ruwa a gindin kwali.

BaMichike
Ni abin da ya ja hankalina katangun ne. Mu a duwatsun Mandara da su muka buɗe ido. Ku je Sukur a ƙaramar hukumar Madagali ku ga gonaki hawa-hawa da hanyoyin da aka daɓe da dutse har zuwa gidan Hidi, sarkin Sukur. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Ta ɓangaren Kamaru wajen Mokolo ma haka ne. Sai dai mu dawa da gero da wake ake shukawa. Kuma kakanninmu ba don ƙamshi suka hau ba, mahara ne suka kore su sama, da suka hau kuma dole su tare ƙasa kar ruwa ya tafi da ita. Ina zargin su ma Turawan dole ce ta kai su, daga baya aka sa mata suna mai daɗi.

Malam_Tarihi
BaMichike ka taɓo inda nake. Douro ma ta shiga wannan jeri na UNESCO, amma a 2001, wato Sukur ta riga ta da shekara biyu. Kuma ina tare da kai. A ko'ina cikin tsohuwar Turai fili mai kyau na alkama ne, don da burodi ake rayuwa. Inabi da zaitun su ake turawa inda garma ba ta shiga.

Abin da ya mai da Douro kuɗi shi ne kogi da Ingila. Ingila da Faransa sun yi ta yaƙi, giyar Faransa ta yi wa Ingilishi wuyar samu, sai fatakensu suka juya Fotugal. A 1703 Ingila da Fotugal suka ƙulla yarjejeniyar da ta sauƙaƙa wa giyar Fotugal haraji a Ingila. Da kasuwa ta buɗe sai algus ya shigo, ana zuba ruwan wasu 'ya'yan itace don a ƙara launi, farashi ya faɗi. A 1756 babban wazirin Fotugal, wanda aka fi sani da Pombal, ya sa aka shata iyakar yankin, aka kafa turakun dutse, aka ce abin da ya fito daga wajen iyaka ba ya cin sunan giyar yankin. Gangunan katako kuma a jiragen ruwa masu faɗin ciki ake lodawa, su gangara da su har Vila Nova de Gaia, tsallaken birnin Porto. Da babu wannan kogin, wa zai ɗauko ganga mai lita 550 daga kan dutse?

Abu_Hanan_Regua
Malam Tarihi, akwai abin da kullum nake gani a hanyar aiki. Wasu hawa-hawan katangarsu na nan tsaye amma ba inabi, sai daji da 'yan itatuwan zaitun. An ce mini tun wata annoba aka watsar da su.

Malam_Tarihi
Filoksera ke nan. Wani ɗan ƙwaro ne da ya zo daga Amurka a jikin dashe, ya shiga Turai a shekarun 1860. Saiwa yake ci, manomi bai ga komai a sama ba sai itace ya bushe. Ya cinye gonakin Faransa, ya cinye na Douro, iyalai da yawa suka bar ƙauyuka, wasu har Barazil. Maganin da aka samu a ƙarshe shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: gindi na inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa, kai na inabin Turai. Har yau kusan duk gonakin Turai haka suke. Wannan annoba ce ma ta sa Faransawa suka cika Aljeriya da inabi, wajen Maskara da Tilimsan da Mediya, har ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace fitar da giyar inabi a duniya. Bayan 'yancin 1962 Faransa ta ja baya da saye, daga baya aka tuge gonaki masu yawa.

Ustaz_Aminu
Jama'a ina ta jira wani ya yi magana ba wanda ya yi. Ilimin noma ba laifi, inabi ni'ima ce, Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama. Amma ɗan'uwa Abu Hanan, ina yi maka nasiha saboda Allah. Hadisi ya zo cewa an la'anci mutum goma game da giya, cikinsu har da mai matse ta, da wanda aka matsa wa, da mai ɗaukarta, da mai cin kuɗinta. Kai ka san inda inabin da kake yanka za shi. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, to ina ga yi masa ƙodago?

Sarkin_Zolaya
Tirƙashi. An zo wurin.

Abu_Hanan_Regua
Allah gafarta Malam, na gode da nasiha, kuma ba yau na fara jin ta ba, zuciyata ma tana yi mini. Ni almakashi ne a hannuna, ina yanka ina zubawa a kwando. Ɗakin matsa ba na aiki a ciki, na gaya musu tun farko. Mai neman takardar zama ba ya zaɓen aiki yadda yake so, sai an ga kwantiragi a hannunka. In watan Nuwamba ya kama muna komawa kaɗar zaitun, da sanyi kuma gyaran katanga. Ina neman wani aikin, ku sa ni a addu'a.

Lauya_Bashir
Ustaz, a yi adalci a kawo duka. An ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa ya halatta sayar da ruwan inabi ga irin wannan mutum, don saɓon ba a jikin abin yake ba, sai bayan an canza shi. Manyan almajiransa biyu sun saɓa masa, na sani, amma saɓanin yana nan. Mutum yana ƙasar wasu yana fama, kar mu rufe masa ƙofa a zauren manoma.

Ustaz_Aminu
Barista, ban rufe masa ƙofa ba, kuma ban ce shi la'ananne ba ne. Na faɗi abin da mafi yawan malamai suke kai. Lalura kuma ana auna ta gwargwadonta, shi ya san tasa. Allah ya ba shi mafita.

Admin_Zaure
Amin. An ji ɓangare biyu. Mai son ci gaba da fiƙihu ya bi Ustaz ta akwatinsa. A dawo gona.

Hajiya_Maijidda
Ni dai in aka ce inabi da dutse, Ɗa'if ke faɗo mini. Da muka je Umara an hau da mu ta hanyar Hada, mota na ta kewaya dutse, kunnuwana suka toshe, birai a bakin titi suna jiran a jefa musu abinci. Muka bar Makka ana zufa, muka tarar da iska mai sanyi. Garin ya kai wajen mita 1,800. Tun zamanin Manzon Allah (SAW) masu kuɗin Makka a can suke da gonaki. Ai a gonar 'ya'yan Rabi'a ya fake ranar da mutanen garin suka jefe shi, aka aiko bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da curin inabi. Har yau a bakin hanya ana sayar da inabi da rumman da ruwan wardi. Ka ga ke nan hawa dutse da inabi ba Bature ya fara ba, kuma ba dole sai don giya ba. Mutanen Yaman ma a kan tsaunukan da ke kewaye da San'a suke noma shi, su shanya ya zama zabibi.

Maman_Ilham
Don Allah tambaya, tunda an ambaci zabibi. Ina jiƙa shi da dabino in tace wa yara. Rannan na manta da shi a jarka, da na buɗe sai ya yi tsit, ga kumfa. Na zubar. Ya zama giya ke nan? Kuma ruwan khal na inabi da muke sawa a salak fa?

Dr_Kemistri_BUK
Kin kyauta da kika zubar. Ya kama hanya. A jikin fatar inabi da cikin iska akwai yis. In ya samu ruwa mai zaƙi da ɗumi sai ya ci sukarin ya fitar da abu biyu, barasa da iskar nan da kika ji ta yi tsit. Duk sana'ar giyar inabi wannan ce, saura dabarun sarrafawa ne. Kusan giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 na barasa. In aka bar shi a buɗe iska na shiga, wasu ƙwayoyin halitta daban su juya barasar ta koma tsami, shi ne khal. Zoɓo da kunun zaƙi ma in suka kwana biyu a zafi hanyar da suke bi ke nan. Iskar kuma ba abin wasa ba ce, a rufaffen ɗakin tsimi takan taru a ƙasa ta kashe mutum.

Ustaz_Aminu
Admin a yi mini afuwa, amsa ɗaya. Maman Ilham, jiƙa zabibi sunna ce ma. Ya tabbata ana jiƙa wa Annabi (SAW) ya sha ranar da gobe da jibi zuwa yamma, abin da ya ragu a ba wani ko a zubar. A zafinmu kar ki jira kwana uku, ki sa a firji ko a shanye. Khal kuwa Annabi ya yabe shi. Wadda ta juye da kanta ba saɓani, wadda aka juya da gangan ce malamai suka yi magana.

Abu_Hanan_Regua
Tunda Dakta ya kawo yadda ake yi, bari in ba ku abin da na gani daga bakin ƙofa. Yawancin kamfanoni inji suke amfani da shi, amma gonar da muka yi aiki har yanzu da ƙafa suke taka mafi kyawun inabinsu. Wani kwarami ne na dutse, zurfinsa ya kusa cinya, a cika shi da inabi. Bayan an wuni ana yanka, da dare sai mutane su wanke ƙafa su sa gajeren wando su shiga, su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya dafa na kusa da shi. Mutum ɗaya yana ba da umarni, hagu, dama, hagu, dama, suna ɗaga gwiwa suna matsawa a hankali, ba mai magana. Sai an yi wajen awa biyu a haka kafin a sake su, a kawo mai kiɗa, kowa ya taka yadda ya so. Dalilin ƙafa, wai tana fasa 'ya'yan ba ta fasa ƙwallon, shi kuwa ƙwallon ɗaci gare shi. Bayan kwana biyu ko uku, tsimin bai gama cinye sukarin ba, sai su tace su zuba masa wata barasa mai ƙarfin kashi 77, ta kashe yis ɗin. Shi ya sa tasu take da zaƙi kuma take kai kashi 20. Ita ce ake kira Port.

Hajiya_Maijidda
Da ƙafa? Kuma a sa a kwalba a sayar da tsada? Allah mun gode maka da zoɓo.

Bala_Sakkwato
Abu Hanan, aikin akwai kuɗi? Tambaya nake don wani.

Abu_Hanan_Regua
Ka gaya wa wanin kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ana fita tun duhu don a guje wa rana. Kana tsugune, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, tsakuwa na zamewa, rina na bin zaƙin hannunka. A tsofaffin hawa tarakta ba ta shiga, sai ka saɓa kwandon roba mai kilo 20 da wani abu ka hau matakalar dutse da aka soka a jikin katanga, ba madafa. Tsofaffi suna mana dariya, wai su a zamaninsu kwandon saƙa mai kilo 50 suke ɗauka. 'Ya'yansu duk sun tafi Porto da Faransa da Suwizalan, masu yankan yanzu mu ne da 'yan Nepal da Indiya da tsofaffin mata na ƙauyen. Kuma ba mai gona ke biyanka kai tsaye ba, ɗan kwangila ne. Namu ya yanke kuɗin mota da na ɗaki, abin da ya rage bai kai yadda aka yi alkawari ba. Ƙananan manoman su ma kuka suke, sun ce kuɗin da ake sayen inabinsu bai biyan wahalar gangare.

Dan_Fadama_Kura
Kai jama'a na gode, na sha karatu. Amma har yanzu kun raba mini hankali. Malama Hadiza ta ce rana da sanyin dare, Malam Tarihi da BaMichike sun ce dole da kasuwa. Ni dai ina da wani fako a bayan gari da ba ya ba ni ko kuɗin iri. In gwada?

Malam_Tarihi
Ina nan kan bakata. Da a ce sirrin dutse ne kaɗai, da ba a ga gonakin Bordeaux na Faransa a shimfiɗe ba, kuma giyarsu ta fi ta Douro tsada.

Hadiza_Agric_Jamus
Malam, shimfiɗe suke amma a kan tsakuwa, ruwa ba ya kwana. Ai maganar ɗaya ce. Malam Dan Fadama, fako daban, dutse mai tsaga daban. Fako saiwa ba ta huda shi, ruwa ma gudu yake a kansa. Ka haƙa rami ka cika da ruwa ka ga ko zai tsotse kafin gobe.

Alh_Mai_Inabi_Hunkuyi
Kafin rami ma, kana da rijiya ko bohol a wurin? In babu ka bar maganar. In akwai, kar ka fara da kadada, turaku da waya sun yi tsada. Ka kafa layi biyu ka koyi aski tukuna, don a nan ake faɗuwa. Lokacin askinmu ka zo in ba ka sanduna, kai ma Malam Yakubu ka zo, amma kai sai ka yi wa naka rufin leda.

BaMichike
Abu Hanan, katangar in ta zube wa ke gyarawa? Mu gayya ake yi kafin shuka, kuma yanzu samari ba sa zuwa.

Abu_Hanan_Regua
Mai gona ne. Akwai tallafin hukuma amma sai an sha cike takardu. Magina ne suka yi ƙaranci. Wanda nake miƙa wa dutse ya haura saba'in, kuma in ka miƙo masa wanda bai dace ba ko kallonka ba ya yi, gefe yake jefar da shi ya sake miƙo hannu.